Darasi na 14: Doki Mai Firgita

A Kano akwai unguwanni uku na masana'antu, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bompai ce ta fari. Sauran biyun sun bunƙasa ne bayan 1970. Da can wuraren nan gonaki ne da makiyaya. Yanzu kuwa manyan motoci ke ta kai da kawowa, injuna na ruri, iska na kwasar leda. A Challawa ga kuma warin fatu daga majemai.

Duk da haka ba mu bar hawan doki ba. Filin folo yana Bompai. Samari su kan yi kilisa da yamma. Mu ma na ƙauyukan kewaye mu kan ratsa ta nan in za mu shiga birni. Sau da yawa a nan ne doki ya kan fara firgita. Yau ya ga leda ya yi tsalle gefe. Gobe ya ji ƙahon mota ya zabura. Jibi sai ya ƙwace da mahayinsa, ya faɗa kan kwalta a guje. Ta haka a kan karye, har a kan rasa rai.

Me ke kawo wannan?

Waɗansu su kan ce mugun hali ne. Waɗansu su ce aljanu ya ke gani. Amma mu dubi yadda Allah ya halicce shi. Doki ba shi da ƙaho, gudu ne makaminsa. Idanunsa suna gefen kai, yana hangen kusan ko'ina, sai dai ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Saboda haka in mota ta ɓullo ta baya, kafin ya gane ta ya riga ya tsere.

In firgitar tana ƙaruwa kullum, to, akwai dalili. Mu bincika abu huɗu.

1. Baya. Mu cire sirdi mu shafa. In akwai miki ko kumburi, ciwo ke korarsa.

2. Baki. Linzami mai kaifi ya kan yanke harshe da dasashi. Haƙoran doki kuma su kan yi tsini su soki kumatu.

3. Ido. Dokin da ba ya gani sosai, ko inuwa tsoro ta ke ba shi.

4. Abinci. Dokin da ke cin dawa da yawa, yana wuni ɗaure a turke, ƙarfi ya kan yi masa yawa. Mu rage hatsi, mu ƙara ciyawa da harawa, mu riƙa fita da shi kullum.

In mun sami ciwo, mu kai shi ga likitan dabbobi. Kada a hau shi sai ya warke.

Bulala ba magani ba ce. Doki ya ga tirela ya tsorata, mu kuma muka zabga masa bulala. Gobe in ya ga tirela zai tuna da dukan, tsoronsa ya zama biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi.

Ga yadda za mu saba masa. Mu ja shi da ragama, muna ƙasa. Mu tsaya nesa da hanyar mota, inda zai gani bai razana ba. Mu bar shi ya duba, muna yi masa magana a hankali. In ya natsu, mu shafa wuyansa mu koma gida. Gobe mu ƙara matsawa kaɗan. In akwai tsohon doki mai sanyin hali, a sa shi gaba. Leda ma haka, mu ajiye ta a ƙasa ya sansana da kansa. Aikin nan ya kan ɗauki makonni, amma sannu ba ta hana zuwa.

In kuwa ya riga ya ƙwace da mu, kada mu yi ihu, kada mu sa ƙaimi. Mu zauna daram cikin sirdi. Mu ja linzami mu sassauta, mu ja mu sassauta. In fili ne, mu karkata kansa gefe guda ya yi ta kewaya har ya tsaya. A kan kwalta kada mu juya shi da ƙarfi, don santsi zai kayar da shi.

Kada mu ɗora yaro a kan doki mai firgita. In za mu sayar da shi, mu gaya wa mai saye gaskiya.

Tambayoyi

1. Ina ne doki ba ya iya gani?

2. Faɗi abu huɗu da za mu bincika.

3. Don me bulala ke ƙara wa doki tsoro?

Rubutu

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku: doki, sirdi, linzami, ragama, turke.