Tsatsa da ƙyallin babur

Gure gari ne a cikin jihar Damagaram, a ƙasar Muniyo. Yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Difa. A Gure babur abin hawa ne, kuma abin neman abinci. Da shi ake kai mutane ƙauyuka, da shi ake ɗauko kaya ranar kasuwa.

Kowane babur yana da shasi, wato ƙarfen da ke riƙe da inji da tanki da kujera da tayoyi. Shasi a jikin babur kamar ƙashi ne a jikin mutum. In ya karye ana cikin tafiya, ran mahayi yana cikin haɗari.

Mene ne ke kawo tsatsa?

Babban abokin gaban shasi tsatsa ce. Tsatsa tana fitowa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, ƙarfe ba ya tsatsa. Shi ya sa ake shafe shi da fenti tun daga masana'anta.

A ƙasar Gure, iskar hunturu tana tahowa da rairayi, shi kuwa rairayi yana kankare fenti sannu a hankali. In damina ta faɗi, ruwa sai ya sami ƙarfen tsirara. Gishiri kuma yana ƙara wa tsatsa sauri. Saboda haka babur ɗin da ke ɗaukar buhunan mangul ya fi saura saurin lalacewa.

Yadda ake goge shasi

Mai babur yana iya wannan aiki a gida, in yana da haƙuri. Da farko zai cire batir da tanki, ya ajiye su nesa da wuta. Zai wanke maiƙo da kananzir, sa'an nan da ruwa da sabulu, ya bari ƙarfen ya bushe. Sai ya ɗauki buroshin waya ya kankare tsatsar da ta yi ɓawo.

Daga nan sai sanfefa, takardar nan mai kaushi. Kowace sanfefa tana da lamba a bayanta. Mai ƙaramar lamba, kamar 80 ko 120, ita ce mai kaushi. Mai babbar lamba, kamar 400 ko 600, ita ce mai laushi. Ana farawa da mai kaushi, a ƙare da mai laushi. Kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Wanda ya tsallake lamba don gaggawa, zane zai fito a aikinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wuri biyu da mai guga zai yi hattara da su. Na farko wurin walda: in aka cinye shi da guga, ƙarfinsa zai ragu. In an ga tsaga a wurin, sai a kai wa mai walda. Na biyu lambar shasi: ita ce aka rubuta a takardun babur. In ta goge, mai shi zai sha wuya kafin ya tabbatar babur ɗin nasa ne.

Ƙarfen da aka goge yana ƙyalli, amma ba shi da riga. In aka bar shi ya kwana cikin raɓa, da safe za a tarar ya fara ja. Dole a rufe shi ran nan da fenti mai hana tsatsa, in ya bushe a bi shi da fenti mai launi.

Kurom

Salansa da kan babur sukan yi ƙyalli kamar madubi. Wani ƙarfe ne aka yi musu riga da shi, sunansa kurom. Wani masani Bafaranshe, Louis-Nicolas Vauquelin, shi ya gano shi a shekarar 1797. Bayan 1920 masana'antu suka fara shafa shi a jikin kayan motoci.

Ba da buroshi ake shafa kurom ba. Ana tsoma ƙarfe cikin kwatarniyar ruwan magani, a saki wutar lantarki. Wutar ce ke ɗauko kurom daga cikin ruwan ta manna shi a jikin ƙarfen. Kafin nan an riga an shimfiɗa wani farin ƙarfe mai suna nikel. Rigar kurom ɗin ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa.

Wannan ba aikin gida ba ne. Ruwan maganin guba ne: yana ƙona fata, tururinsa yana cin hanci da huhu, in kuma aka zubar da shi ƙasa yana iya ɓata rijiya. Abin da mai babur zai iya shi ne ya kula da kurom ɗin da ke jikin babur ɗinsa. Ya wanke shi da ruwa da sabulu, ya share da tsumma mai laushi. Kada ya cuɗa shi da rairayi kamar yadda ake cuɗa tukunya. Kada kuma ya sa ruwan kanwa a sassan inji na alminiyam, don kanwa tana cinsu, su yi baƙi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke sa ƙarfe tsatsa?
2. Tsakanin sanfefa mai lamba 120 da mai lamba 600, wace ce ta fi kaushi?
3. Don me ba a goge lambar shasi?
4. Me ya sa ba a yin kurom a gida?

Aikin yi

Ku samo ƙusoshi huɗu, ku goge su da sanfefa. Ku ajiye ta farko a busasshen wuri. Ku naɗe ta biyu a jiƙaƙƙen tsumma, ta uku a tsumman da aka jiƙa da ruwan gishiri. Ta huɗu ku shafe ta da giris kafin ku naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma. Ku riƙa jiƙa tsummokin kowace safiya. Bayan kwana 7, ku rubuta abin da kuka gani a jikin kowace ƙusa.