Kilim ya ƙi tashi? Kada a yi saurin cewa gas ya ƙare

Daga tsakiyar Maris har zuwa ruwan fari, wayar mai gyaran na'urar sanyi a Malanville ba ta hutawa. Zafi kan haura digiri 40 da rana, kwano da siminti su riƙe shi har tsakar dare, iskar bakin kogi ma ba ta kawo sauƙi. Kuma kusan magana guda nake ji: "Malam, kilim ɗinmu ya ƙi tashi, zo ka sa mana gas." Wannan magana ta ci kuɗin mutane da yawa a garin nan, shi ya sa nake son mu fahimci juna a kanta.

Gas ɗin kilim ba ƙonewa yake yi ba. Zagayawa yake cikin bututun tagulla a rufe, daga na'urar ɗaki zuwa ta waje ya dawo, shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma duk wanda ya ƙara gas bai nemi hujin ya toshe ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗi kafin damina. Sannan ƙaramin kilim na gida, in gas ɗinsa ya tsiyaye, yakan tashi, fanka ta juya, sanyi ne kawai babu. Wanda ya yi tsit, ko fitila bai kunna ba, matsalarsa tana kan hanyar wuta.

Akwai abin da maigida ko uwargida za su duba da kansu kafin a kira ni. Batirin rimot, domin zafi na kashe shi da wuri. In an canza batiri bai amsa ba, a ɗaga murfin gaban na'urar ɗaki, akwai ɗan maɓalli a gefe da ke tayar da ita ba rimot. A duba ko kuɗin mita ne ya ƙare. A duba ko an saita shi a kan fanka kawai, ko lambar da aka zaɓa ta fi zafin ɗakin. Kuma in wuta ta ɗauke ta dawo, a yi haƙuri: yawancin na'urori na jinkirta kwamfuresa, injin da ke zagaya gas, wajen minti 3 da gangan, don ƙarfin gas ya daidaita a bututu. Na sha zuwa gida in tarar da kilim yana ta aiki, an kira ni ne cikin waɗannan mintuna.

Inda nake son a tsaya a saurare ni shi ne kan makunnin tsaro, wanda ke faɗuwa ya yanke wuta. In ya faɗi, a ɗaga shi sau ɗaya. In ya sake faɗuwa, a ƙyale shi. Ya faɗi ne don wutar da ake ja ta wuce abin da waya za ta ɗauka. Na ga gidajen da aka tokare shi da tsinke, na ga inda aka cire shi aka haɗa waya kai tsaye. Wallahi haka gobara ke tashi cikin silin alhali yara na barci. Wani lokacin ma kilim lafiyarsa ƙalau: gida ya yi rajistar wuta ta amfiya 5 tun lokacin da fitilu da fanka kaɗai gare shi, sai aka sayo kilim mai doki ɗaya da rabi, wanda shi kaɗai kan ja amfiya 5 zuwa 6 yana aiki, ya ninka haka sau da yawa a daƙiƙar tashi. Ga firji, ga dutsen guga. Maganin wannan a je ofishin kamfanin wuta na SBEE a nemi ƙarin ƙarfin rajista, a kuma ja wa kilim wayarsa daban mai kauri murabba'in milimita 2.5, da makunninsa.

In fitilar na'urar ɗaki ta kama, fanka na hurawa, amma na'urar waje sai gurnani take ta yi shiru, abu biyu nake fara zargi. Na farko ƙarancin wuta. An ƙera na'urorinmu don volt 220. Da almuru, lokacin da kowa ya kunna nasa, gidan da ke ƙarshen dogon layi kan ga wuta ta sauka ƙasa da 190. Kwamfuresa ta yunƙura ta kasa, ta yi zafi, abin kariyarta ya yanke, ta huce ta sake yunƙurawa. A bar ta haka dare bayan dare, wayoyin cikinta su ƙone. Wanda yake ganin fitilarsa na dushewa da yamma ya sa na'urar daidaita wuta mai ƙarfin da ya kai na kilim ɗin, ba ƙarama ta talabijin ba. Haka mai janareto: in ƙarami ne, kada a tilasta shi.

Na biyu kafasita, ɗan gwangwanin nan da ke ba kwamfuresa turin farko, kamar yadda ake tura motar da batirinta ya yi sanyi. Zafi ne ajalinsa, kuma mu a nan muna kafa na'urar waje a bangon yamma, rana na dukanta tun azahar. In ya mutu sau da yawa kansa na kumbura. Kayan arha ne, ana canza shi a tsaye, amma a sa mai lamba daidai da wadda aka rubuta, in 35 ce 35. Ina roƙon kada kowa ya buɗe murfin nan da kansa. Kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe makunni, tana iya kayar da babban mutum. Abin da ke sa ni takaici shi ne a ce wa mutum kwamfuresarsa ta mutu alhali wannan gwangwani ne. Kwamfuresa sai an aika Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700 ta Kandi da Paraku, kuma tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, kowa ya san yadda kuɗi ya yi wuya a kasuwar nan. Kafin ka yarda, ka ce a gwada kafasita a gabanka da na'urar awo.

Babban kilim mai raba sanyi ta cikin silin zuwa ɗakuna kaɗan ne a gidajenmu, an fi ganinsa a ofisoshi da masaukan baƙi. Shi yana da ƙarin masu gadi. Akwai ma'aunin bango mai aiki da volt 24, da ɗan fiyus ɗinsa. Akwai makunnin da ke yanke komai in tiren ruwa ya cika, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da ruwa takan zama laka ta toshe magudanar. In mai layi uku ne, ɗaya ya ɗauke, ba zai tashi ba. A irinsa kam ƙarancin gas na iya hana tashi, domin yana da makunnin da ke lura da ƙarfinsa, amma ma'auni ne zai nuna hakan, ba zato ba. Tururuwa da tsaka kuma na son ɗumin akwatin wuta, sukan maƙale tsakanin ƙarafan da ke haɗa wutar.

Ga abokan sana'a da yaran da ke koyo a hannunmu: a karanta farantin jikin na'ura kafin a ɗaura kwalba. Gas ɗin R22 da R410A da R32 ba a cakuɗa su. R22 na kan hanyar fita ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, R32 kuma yana iya kama wuta, don haka ba a hura wutar walda a bututun da ba a zuƙe ba. Gwajin yoyo da iskar naitirojin ake yi. Kwalbar oksijin ta masu walda in ta haɗu da man kwamfuresa fashewa take yi.

Mai shirin saye kuma ya duba farantin nan. Kilim mai alamar T1 an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 na jurewa har 52, kuma shi ya dace da yankinmu na Alibori. A kafa na'urar waje a inuwa, da tazara tsakaninta da bango. A wanke ragar na'urar ɗaki duk mako biyu a lokacin ƙura, a kuma kira mai gyara ya wanke ta waje cikin Fabrairu, kafin zafi ya kama layi ya yi tsawo.