Fasfon Jamus da amaryar da Hajiya ta zaɓa

Gwaggo, shekarata bakwai a birnin Kolon na Jamus, ina aiki a ma'ajiyar kaya, matata da yaranmu biyu muna tare. Na yi rajistar jarrabawar zama ɗan ƙasa, amma karatun ya ƙi shiga kaina: shugaban ƙasa daban, shugaban gwamnati daban, majalisa har biyu. Matsala ta biyu ita ke hana ni barci. Hajiyarmu ta zaɓa mini yarinya a Kano, ta ce a ɗaura bayan Babbar Salla. Abokina ya ce in je a ɗaura shiru, Jamusawa ba za su sani ba. Ina mafita?

Ɗanki a Kolon

Ɗana, bari in fara da mai sauƙin.

Tsarin da ke rikita ka, kakanninka sun rayu a cikinsa. A Jamhuriya ta Farko, Azikiwe ne shugaban ƙasa daga 1963, amma gwamnati tana hannun Tafawa Balewa, firaministan da ya fito daga majalisa. Haka Jamus take. Shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier yana sa hannu a dokoki, yana karɓar baƙi, amma ba shi ke tuƙa motar ba. Mai tuƙin shi ne shugaban gwamnati, kuma ba talakawa ke zaɓensa kai tsaye ba, 'yan majalisar Bundestag ne. Kana ƙasar a ranar 6 ga Mayun 2025, da Friedrich Merz ya samu ƙuri'a 310 a zagayen farko, alhali 316 yake bukata cikin kujeru 630. Sai da aka sake zagaye kafin ya haye. Majalisar da ta ɗora shi tana iya sauke shi, amma da sharaɗi: sai ta zaɓi magajinsa a lokaci guda. Ta haka Helmut Kohl ya gaji Helmut Schmidt a 1982.

Majalisa ta biyu, Bundesrat, ta jihohi 16 ce. Gwamnatocin jihohin ke tura wakilansu, ba zaɓensu ake yi ba kamar sanatocinmu. Makarantar yaranka da ɗan sandan da kake gani a cikin gari, yawanci harkar jiha ce. Kundin tsarin mulkin 1949 yana saman kowa, kotun da ke gadinsa tana Karlsruhe. Kuma kada a tambaye ka hedikwatar jiharku ka ce Kolon don ta fi girma; Düsseldorf ce.

Jarrabawar kanta ba dodo ba ce. Tambaya 33 cikin awa ɗaya, 3 daga ciki a kan jiharka, kowace da amsa huɗu ka zaɓi ɗaya, 17 daidai ka ci. Dukkan tambayoyin suna intanet kyauta. Ka riƙa yin goma kullum a jirgi kana tafiya aiki. Fasfonka na Najeriya ma ba za ka rasa shi ba: tun 27 ga Yunin 2024 Jamus ta yarda da riƙe biyu, ta kuma rage shekarun zama daga 8 zuwa 5.

To, yanzu gyara zama.

Abokinka ba shi zai sa hannu a takarda ba, kai ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta faɗa ƙarara: wanda ke da mace fiye da ɗaya a lokaci guda ba a ba shi. Auren da aka ɗaura a Kano da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne cikakke a dokar Najeriya, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Za a tambaye ka matsayin aurenka. In ka ɓoye aka ba ka, hukuma tana da shekara 10 da za ta iya ƙwace abinta in ta gano. Kuma ina aka taɓa yin bikin Hausawa shiru? Kafin a gama raba goro hotunan kamu da dina sun zaga WhatsApp, ƙanwarka ta ɗora a Facebook da "Allah ya ba da zaman lafiya". Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ni ba fasfon ne ya fi tsaya mini a rai ba, yarinyar ce. Dokar Jamus ba ta ba wa mace ta biyu bizar zuwa wajen miji muddin ta farko tana zaune da shi a ƙasar. Ke nan za a kai ta ɗaki ta zauna da waya a hannu, ta ga mijinta wata ɗaya a shekara in an samu hutu da kuɗin jirgi. Iyayenta sun san da haka? Adalcin da addini ya gindaya wa mai ƙara aure, ta ina za ka raba kwana tsakanin Kolon da Kano? Na kuma lura wasiƙarka ba ta ce uwargida ta sani ba, ba ta ma ce kai kana son yarinyar ba. Hajiya ce kawai ta zaɓa.

Addini ya halatta maka ƙari, ba ni da ta cewa a nan. Amma ba za ka haɗa shi da fasfon Jamus ba, sai dai ka zaɓi ɗaya da idonka biyu. In auren ka zaɓa, ka fara ganin lauyan harkar baƙi, ka ji abin da zai shafa a takardun zamanka da na iyalinka, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Hajiya kuwa, kada ka tunkare ta da "doka ta hana" a waya, za ta ji kamar Turawa sun ƙwace mata ɗa. Ka samu kawunka ko wani dattijon da take jin nauyinsa, ka warware masa komai, musamman zaman da yarinyar za ta yi, shi ya je ya same ta. Kafin nan, daren yau, ka zauna da matarka ka gaya mata da bakinka, kada ta ji a bakin dangi. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Gwaggonku