Darasi: Yadda Mai Alhini Zai Amsa wa Zuciyarsa

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18; Zabura 42 da 43.

Mai alhini ba ya rasa abokin hira. Tun gari bai waye ba zuciyarsa takan soma yi masa magana: hatsin nan ba zai kai kaka ba, yaron nan ba zai tashi ba, kowa ya yashe ka. Shi kuwa sai ya karɓi maganar kamar hukuncin alƙali, ba ya tambayarta inda shaidunta suke.

Bari mu dubi annabi Iliya. Sa'ad da Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, ya gudu har Biyer-sheba, ya shiga jeji, ya roƙi mutuwa. A Dutsen Horeb sau biyu ya ce shi kaɗai ya ragu. Gaskiya ne? Ko kaɗan. Gama Obadiya ya riga ya gaya masa baki da baki ya ɓoye annabawa 100 cikin kogo, hamsin hamsin (18:13). Tsoro ne ya rufe masa wannan labari. Ubangiji ya gyara masa lissafi, ya ce akwai mutum 7,000 cikin Isra'ila waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Sai mu lura kuma, kafin a gyara tunaninsa an bar shi ya yi barci, aka ciyar da shi har sau biyu. Mai yunwa da gajiya ba ya auna magana daidai.

Mai Zabura bai jira wani ya amsa masa ba. Sau uku (42:5, 42:11, 43:5) ya juyo ya fuskanci ransa kamar wani mutum dabam, ya tambaye shi dalilin damuwarsa, ya umarce shi ya sa bege ga Allah. Bai ce babu komi ba. Yana nesa da gidan Allah, maƙiya suna yi masa ba'a, ya kuwa faɗa a fili. Kuma sai da ya maimaita, domin rai ba ya jin magana da sau ɗaya.

Masana halin ɗan Adam sun tarar da abu mai kama da wannan. A 2014 Ethan Kross da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan a Amurka suka nuna cewa wanda ya kira kansa da sunansa kafin ya yi jawabi gaban mutane, tsoronsa yakan ragu fiye da na mai cewa "ni". Ai mun fi iya ba maƙwabci shawara fiye da kanmu.

A makon nan kowa ya kama magana ɗaya da zuciyarsa ta saba faɗa masa da dare, ya kira sunan kansa, ya tambaya: wane ne shaida? Wane Obadiya na manta? Amma wanda alhini ya daɗe yana hana shi barci da aiki, kada ikkilisiya ta ce rashin bangaskiya ne. A kai shi wurin likita, a kuma riƙa zuwa gaishe shi.