Tufafin Jariri: A Zaɓi Auduga, A Guji Kafur

Ya ku iyaye na Wurogauri da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo, ku sani fatar jariri ba ta yi ƙwari kamar ta babba ba, jikinsa kuma bai iya jure zafi ba tukuna. A ƙasarmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40.

Galibi maigida ne ke zuwa kasuwar Birnin Kebbi ko Jega sayen kayan suna, idonsa kuma yakan faɗa kan rigar da ta fi ƙyalli. Yawancin irin waɗannan da zaren roba aka yi su. Ba sa shan zufa, iska ba ta ratsa su. Sai zufa ta taru a wuya da hammata da matsematsi, ƙuraje su feso, yaro ya kwana kuka, a ce nonon uwa ne ya ɓaci, alhali rigar ce.

Auduga ita ce ta dace da shi. A da ba a wahalar samunta, domin ana nomanta, mata suna kaɗi, masaƙa suna saƙa, sannan masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da 'yan'uwanta suka wadata Arewa da akoko da atamfa. Yau yawancinsu sun rufe, yadi daga Sin yake shigowa, sau da yawa gauraye da roba, kuma rubutun da ke bakin yadi ba kullum yake faɗin gaskiya ba. To, ga gwaji mai sauƙi. Ka zare zare biyu ko uku ka kyasta musu ashana. Idan auduga ce, za ta ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Idan roba ce, sai ta narke ta dunƙule, ta bar ɗan ƙwallo baƙi mai tauri.

Kada uwa ta ji kunyar yanka tsohuwar atamfarta ta auduga ta yi wa yaro shimfiɗa ko majanyi. Wadda ta sha wanki ta fi sabuwa laushi nesa ba kusa ba. Sabon kaya kuwa, har da na barka da na gwanjo, a wanke shi kafin ya taɓa jikin yaro, don sitaci da ragowar rini su fita. Sabulun wanki ya isa. A ɗauraye har ruwa ya daina kumfa, a bar bula da turare.

A shanya a kan igiya cikin rana, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda, musamman da damina, da ke saka ƙwai a ƙasa mai laima da tufafi masu warin fitsari. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta shige fata ta zama kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan, ko da dutsen guga na gawayi ne.

Saura maganar kafur, ita ce ta fi nauyi. Mata da yawa sukan jefa ƙwayoyinsa cikin akwati don korar kyankyasai. Akwai jarirai ba kaɗan ba a Nijeriya, musamman maza, da aka haifa da wani rauni na gado a jini, wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD. Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur ko ya shiga ta fatarsa, ƙwayoyin jininsa sukan farfashe, shawara ta kama shi, in ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gane mai wannan rauni da ido, saboda haka a raba kayan kowane jariri da kafur. In kuwa an ga idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti a ranar.