Tasirin Magani a kan Barci da Motsin Dare ga Masu Cutar Parkinson: Nazari daga Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda magungunan cutar Parkinson ke shafar barcin majinyaci da iya motsinsa cikin dare. An ɗora bayanin a kan tsarin gida da cima da ibadar mutanen Shema da sauran garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi. An kuma kula da kalmomin da Bahaushe ke kiran abin da ya gani da su, domin sau da yawa sunan da aka ba alama shi ke yanke inda za a kai marar lafiya.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1817 ne James Parkinson, wani likita a birnin Landan, ya bayyana wannan cuta bisa lura da mutum shida. Daga baya Jean-Martin Charcot na Faransa ya raɗa mata sunansa. Tushenta shi ne mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke sassauta motsin jiki. Ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin Lukman Owolabi da abokan aikinsa sun buga nazari a kan majinyatan Kano tun 2012.

Bahaushe kan kira ta rawar jiki ko karkarwa ko makyarkyata. Duk sunayen uku abin da ido ke gani da rana suka kama. Ita kuwa rawar hannun takan lafa idan barci ya ɗauki mutum. Abin da ke addabarsa cikin dare shi ne sandarewar jiki da nauyin motsi, kuma babu ɗaya daga cikin sunayen da ya nuna su. Wannan giɓi na harshe yana da sakamako a ɗakin likita. Idan aka tambayi dattijo yaya jiki, zai ba da labarin hannunsa, ya bar labarin darensa.

2.0 Lebodofa da Tsawon Dare

Babban maganin cutar shi ne lebodofa, wanda George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa a Amurka a 1967. A yau ana haɗa shi da kabidofa a ƙwaya ɗaya, kamar Sinemet. Rauninsa shi ne gajeren zama, don kuwa rabinsa kan bar jini cikin kusan awa ɗaya da rabi. A farkon cuta ƙwaƙwalwa tana iya adana shi, sai aikinsa ya daɗe. Bayan shekaru wannan rumbu yakan lalace, motsin mutum ya koma bin hawa da saukar maganin a jini.

A nan lissafin dare yake fitowa. Dattijon da ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe bayan isha'i, ya kwanta da ƙarfe tara, zai kai ƙarfe biyu kusan babu sauran magani a jikinsa. Mai lafiya yana juyi sau da dama cikin barci ba tare da ya sani ba. Shi kuwa majinyaci sai ya farka a kan gefen da ya kwanta, kafaɗa da ƙugu suna ciwo, ya nemi juyawa jiki ya ƙi. Wasu kuma gab da asuba tafin ƙafa kan murɗe, yatsu su lanƙwashe da zafi.

Tsarin gida yana ƙara wa lamarin nauyi. A yawancin gidajen karkara na wannan yanki ana kwana a kan tabarma ko katifar ƙasa, kuma tashi daga ƙasa ya fi tashi daga gado wuya nesa ba kusa ba. Cutar tana kawo yawan fitsarin dare, ga shi makewayi yana can ƙarshen gida. Kafin a isa sai an tsallake dokin ƙofa, kuma sananne ne cewa ƙafar mai wannan cuta takan kafe a bakin ƙofa da wurare matsattsu, kamar an manna ta da ƙasa. Lebodofa kansa yana iya saukar da ƙarfin jini idan mutum ya miƙe da sauri, sai jiri ya ɗebe shi cikin duhu. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramar musiba ba ce. Akwai kuma abin da littattafan likitancin Turai ba su hango ba. A ƙauyukan da matsalar tsaro ta sa ake gudun dare, mutumin da ke buƙatar minti goma kafin ya miƙe yana cikin haɗari na daban, shi da wanda zai tsaya ɗaukarsa.

Likitoci suna da dabaru. Akwai lebodofa mai narkewa a hankali da ake sha lokacin kwanciya, akwai kuma rotigotin, wanda ake manna wa fata ya yi aiki awa 24. Gwajin da Claudia Trenkwalder ta jagoranta, wanda aka buga a 2011, ya nuna yana kyautata barci da motsin safiya. Sai dai binciken da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna cewa ko lebodofa na yau da kullum yana da wuyar samu da tsada a Nijeriya. Mutumin Shema ko Kurfi yakan dangana da Katsina ko Kano kafin ya ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa. Idan ƙwaya ta fara ƙarewa, hankali yakan ba iyali su tsimi ta dare, tunda a ganinsu mai barci ba ya buƙatar motsi. Wannan kuskure ne mai saurin shiga zuciya. Yanke maganin gaba ɗaya kuwa lokaci guda yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar da ke kisa.

Cima ma tana da hannu. Lebodofa yana gasa da sinadaran furotin wajen shiga jini daga hanji da kuma shiga ƙwaƙwalwa. Tuwon dawa da miyar kuka ba su cika tare masa hanya ba, amma wake da alale da awara da nama da nono suna iya rage ƙarfinsa. Saboda haka ake ba da shawarar a sha shi rabin awa kafin cin abinci ko awa ɗaya bayansa. Furar dare da nono, abin da ake ganin gata ne ga tsoho, tana iya raunana ƙwayar da aka haɗiye da ita.

3.0 Idan Magani ne Ya Hana Barci

Wasu magungunan su ne masu laifin. Selejilin yana rikiɗa a jiki ya zama dangin amfetamin, don haka da safe ake shansa. Amantadin ma yana iya hana barci idan aka sha da yamma. Firamifekzol da rofinirol kuwa akasin haka suke yi da rana. A 1999 Steven Frucht ya ba da rahoton majinyata takwas da barci ya sace su suna tuƙi. Wannan gargaɗi ne ga duk mai hawa babur a hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina.

Wanda ya fi cancantar a dakata a kansa shi ne benzekzol, da aka sani da Artane ko Exol, sunan da shaye-shayen matasa ya sa ya karaɗe gari. Yana da arha, yana kuma rage rawar hannu, wato alamar da iyali suka fi damuwa da ita. Amma ga tsofaffi yana kawo ruɗewa da mantuwa da bushewar baki da taurin ciki da riƙewar fitsari, kuma ruɗewar ta fi tsananta bayan faɗuwar rana.

4.0 Magagi, Dannau da Zargin Iska

A 1986 Carlos Schenck da Mark Mahowald suka bayyana wata larura da mutum ke aikata mafarkinsa. A ƙa'ida, yayin mafarki ƙwaƙwalwa tana sassake tsokokin jiki ta hana su motsi. Idan wannan kulle ya lalace sai mai barci ya yi ihu, ya kai naushi, ya yi shuri, har ya ji wa matarsa rauni. Larurar takan riga rawar jiki bayyana da shekaru masu yawa.

Hausa tana da kalmomi makusanta, amma kowacce ta ɗan kauce. Magagi ruɗewar wanda bai gama farkawa ba ne. Sambatu magana ce kawai. Dannau kuwa kishiyar larurar ce kai tsaye: a dannau hankali ya farka jiki yana kulle, a nan jiki ya kwance hankali yana mafarki. Abin mamaki shi ne, dattijon da muryarsa ta dushe kuma hannunsa ya yi nauyi da rana yakan yi magana da ƙarfi, ya yi motsi da sauri a cikin wannan hali. Ba abin zargi ba ne idan iyali suka ce wani ne ke magana da bakinsa.

Haka nan lebodofa da danginsa kan sa mafarki ya yi kaifi, wani lokaci majinyaci ya ga mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki yana farke, musamman da magariba. A al'adar da ta ɗauki almuru lokacin fitowar iskoki, fassarar a shirye take, sai a nufi mai ruƙiyya ko a yi zargin sammu. Addu'a ba ta cutar da kowa. Illar tana zuwa ne idan aka ɓoye wa likita, alhali rage wani magani kan kawar da gane-ganen, ko kuma idan aka sayo halofiridol a kemis don a kwantar da shi. Wannan magani yana toshe aikin dofamin, ya ƙara sandarar da majinyaci. Metokulofiramaid na amai ma haka yake yi. Ga mai aikata mafarki, likitoci kan ba da melatonin ko kulonazefam, kodayake na biyun yana ƙara haɗarin faɗuwa.

5.0 Azumi da Ƙarara

Azumin Ramalana a ƙasar Katsina yana kai wa awa 13 zuwa 14. Mai shan lebodofa sau uku ko huɗu a wuni ba zai iya tattara su tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da sakamako ba. Da rana jiki zai sandare, da dare kuma maganin ya taru ya kawo fizge-fizgen gaɓoɓi da rashin barci. Ƙosan buɗa-baki ma furotin ne. Suratul Baƙara ta yi rangwame ga marar lafiya, kuma shawarar ta fi kyau a yanke ta tun a Sha'aban, tsakanin majinyaci da likitansa da malaminsa.

Ita kuwa ƙarara, tsiron nan mai ƙaiƙayi, ƙwayarta tana ɗauke da lebodofa na asali. Roberto Cilia da abokan aikinsa sun gwada garin ƙwayar da aka gasa, suka buga sakamako a 2017 da ya nuna yana sassauta motsi kamar ƙwayar asibiti. Sai dai yawan sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, kuma babu kabidofa a ciki, don haka ana buƙatar mai yawa, ga tashin zuciya. Mai haɗa ta da Sinemet ba da sanin likita ba yana ninka magani ɗaya ne a jikinsa, kuma gane-ganen dare na cikin abin da hakan ke iya jawowa.