Darasi: Toshe Kafar Ɓarayi a Kwamfutar Gida

Idan muna zagayen gidaje da jami'ar kare haƙƙi ina yi mata tafinta, nakan ga tsohuwar kwamfutar cinya a ɗakin wasu iyalai, wadda aka gudo da ita ko wani ɗan'uwa ya aiko wa 'yan makaranta. Da na tambayi abin da ke ciki, amsar kusan ɗaya ce: hoton takardar rajista, katin karɓar abinci, takardun haihuwar yara, da lambobin dangin da aka baro a gida. Wanda ya samu waɗannan zai iya yin sojan gona da sunanku, ko ya kira danginku ya ce kuna cikin matsala, a turo kuɗi.

Ta ina ɓarawo ke shiga? Kowace manhaja mutane ne suka rubuta ta, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Akan bar kuskure a ciki, kamar ɓaraka a jikin danga. Idan kamfanin ya gano, sai ya fitar da gyara, wanda allonku ke nunawa da kalmar Update. To amma da zarar an sanar da gyaran, su ma ɓarayin sun san inda ɓarakar take, sai su bazama neman waɗanda ba su toshe ba.

Haka ta faru a watan Mayun 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa a Windows, ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300. Har asibitoci a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Maganin ya yi wata biyu a ajiye, ba a sha ba.

Na san data da caji ba su da araha a nan, shi ya sa muke danna “sai anjima”. Ni ma na sha yi. Amma Microsoft yakan fitar da gyaransa ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka ku ware rana ɗaya a wata: a cika batir, a haɗa da intanet, a bar kwamfutar ta gama, sannan a kashe a sake kunnawa. Chrome da Firefox ma sai an rufe su an sake buɗewa gyaran ke kamawa.

Ku duba wace Windows ce a taku. An daina gyara Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafin da aka saba ba ta ya ƙare a Oktoban 2025. Irin wannan kwamfuta za ta yi wa yara koyon rubutu, amma kada ku ajiye takardunku a ciki matuƙar tana hawa intanet.

Manhajojin da ake kwafa muku a kasuwa ko a tura ta Xender, ba ku san hannun da suka bi ba. Ku sauko da su daga shafin kamfanin ko Play Store. GB WhatsApp da ire-irensa ba daga kamfanin WhatsApp suka fito ba. Ita ma ta ainihin, a 2019 an gano wata kafa a cikinta da kira kawai ke iya shigar da manhajar leƙen asiri a waya ko ba a ɗauka ba, kuma sabuntawa ce ta toshe ta.

Ku kwafi takardunku a filas, ku ajiye shi daban tare da na asalin, kada ya riƙa yawo a shagunan buga takardu. Babu ma'aikacinmu da zai tambaye ku kalmar sirri ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa. Idan wani ya tambaya, ko allonku ya kulle ana neman kuɗi, kada ku biya. Ku kashe intanet, ku zo teburin kare haƙƙi, za ku same ni a can in fassara muku.